Gwiwata ta lafa, ƙafata ta ɗauka: in ci gaba da gudu da takalmi maras soso?

Assalamu alaikum. Ni magidanci ne, shekaruna 39, nauyina kilo 88. Shekara uku ke nan ina gudun motsa jiki, sau huɗu a mako, kusan kilomita 30 idan an haɗa, galibi a kan kwalta. Tun bara gwiwata ta hagu ta sa ni gaba, musamman idan zan sauko daga bene ko na daɗe a zaune. Wani abokina da muke gudu tare ya ce laifin kambas ɗina ne mai kaurin soso, in koma irin nasa, takalmin nan shafal mai faɗin baki wanda idan ka sa kamar ba ka sa komai ba. Na saya da tsada, na jefa tsohon a ƙarƙashin gado, na ci gaba da guduna yadda na saba.

Gaskiya gwiwar ta lafa. Amma tun makon farko sharaɓata ta yi tauri kamar itace. Yanzu ina mako na biyar, saman ƙafata ta dama, daidai bayan yatsa na biyu, yana mini ciwo a wuri ɗaya, idan na danna har cikin raina. Wurin ya ɗan tasa. Da farko sai na yi nisa da gudu yake tashi, yanzu ko tafiya nake yi ina jin sa. Nakan sha maganin kashe zafi kafin in fita, maiɗakina ba ta sani ba. Ita dama tun ranar farko ta ce na sayi silifa da kuɗin takalmi, yanzu kuma da ta ga ina ɗingishi kullum sai mun yi cacar baki. Abokina ya ce in daure, ƙafar ce take ƙarfi, shi ma haka ya sha. Nan da mako shida akwai tseren kilomita 21 da muka yi rajista tare, ba na so in ba shi kunya. Sannan mahaifina yana da ciwon suga, kullum yana kukan takalma suna matse masa yatsu, har ina tunanin in saya masa irin wannan. Me ya kamata in yi?

(An taƙaita wasiƙar, an kuma sakaya sunan mai ita.)

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Kafin mu shiga maganar takalmi, da ta uwargida, da ta abokinka, akwai wadda ba ta jira. Ka daina gudu daga yau, da sabon takalmin da tsohon duka, har sai likita ya ga wannan ƙafar. Na san ba abin da ka so ji ke nan ba. Amma ka sake karanta abin da ka rubuto da hannunka: ciwo a wuri ɗaya da za ka iya nunawa da ɗan yatsa, a kan ƙashi, da ɗan kumburi, wanda da sai ka yi nisa yake tashi, yanzu kuma ya biyo ka har cikin tafiya. Gajiyar tsoka ba haka take ba. Ita takan bazu a faɗin wuri, takan kama ƙafafu biyun, takan saki idan jiki ya ɗumama, kwana biyu ko uku ta wuce. Naka kuwa kullum gaba yake yi. Tsakanin idon sawu da yatsu akwai dogayen ƙasusuwa sirara guda biyar, kuma na biyu da na uku su ne suka fi yin irin tsagewar nan da ke samun masu gudu, wadda ba faɗuwa ko buguwa ke kawo ta ba, sai dai duka kaɗan-kaɗan da ya yi wa ƙashi yawa kafin ya gama gyara kansa. Daga wasiƙa ba a tabbatar da ciwo, amma alamominka sun isa a ɗauka haka ne har sai an gwada an ga akasi.

Idan ka je, ka gaya wa likitan komai dalla-dalla: ranar da ka canza takalmi, nisan da kake yi a mako, da maganin da kake sha. Wani abu kuma da ya kamata ka sani tun daga gida shi ne, irin wannan tsagewar sau da yawa ba ta fitowa a hoton ƙashi na yau da kullum a makonni biyu ko uku na farko. Mutum sai a ce masa hoto ya fito lafiya, ya koma gudu da murna, bayan kwana goma ƙashin ya ƙarasa. Don haka ko da hoton bai nuna komai ba, muddin ciwon yana nan, ka tambayi likitan ko za a sake ɗauka bayan mako biyu, ko a yi maka hoton MRI wanda yake ganin abin tun yana ƙarami. Idan tsagewar ce, galibi mako shida zuwa takwas na hutu daga gudu ne maganinta, wani lokaci da takalmi mai taurin tafi ko irin but ɗin da asibiti ke bayarwa. Idan aka bari ƙashin ya rabu, lissafin ya koma na watanni.

Maganin kashe zafin da kake haɗiya kafin ka fita, shi ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙar. Zafi ɗan aike ne, ka toshe masa baki ka ci gaba da dukan wurin da yake ba ka labari. Banda haka, irin magungunan nan na dangin ibuprofen suna wahalar da ciki da ƙoda idan mutum ya sha ya shiga dogon gudu yana zubar da gumi. Ka ajiye shi. Idan ana bukatar wani abu don zafin, likita zai faɗa.

To, yanzu takalmin. Ba na so ka fita daga wannan magana kana ganin an damfare ka, domin ba a damfare ka ba. Abin da abokinka ya gaya maka yana da tushe, sai dai rabin labarin ya ba ka.

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, da tsokoki da jijiyoyi fiye da 100. An halicce ta ne ta lanƙwasa, ta baje yatsu, ta ji ƙasa. Kambas na gudu da aka saba da shi yana ɗaga dunduniya sama da yatsu da kamar milimita 8 zuwa 12, ga soso mai kauri a ƙasa, ga baki da yake tsukewa. Irin wanda ka saya kuwa dunduniya da yatsu a layi ɗaya suke, tafinsa 'yan milimita ne, kana iya naɗe shi a hannu. Wanda ya sa mai soso yakan miƙa ƙafa gaba ya dira da dunduniya, don soson yana ɓoye masa zafin. Da ka cire soson, dira da dunduniya a kan kwalta ya zama azaba, sai jiki da kansa ya rage tsawon taku ya koma dira da gaban ƙafa ko tsakiyarta. Wannan sauyin ne ya sauƙaƙa wa gwiwarka. Ba ƙarya gwiwar take yi ba, nauyin da ke kanta ya ragu da gaske.

Sai dai nauyin bai ɓace ba. A kowane taku na gudu, ƙasa tana mayar wa jikinka da ƙarfin da ya kai ninki biyu zuwa uku na nauyinka, kowane irin takalmi ka sa. Abin da takalmi yake yi shi ne ya zaɓi wanda zai ɗauki kayan. Mai soso da tudun dunduniya yakan tura kaso mai yawa zuwa gwiwa. Maras soso yakan sauke shi a kan sharaɓa, da agara, da waɗannan siraran ƙasusuwan na gaban ƙafa. Kai kuma ka ɗauki kayan kilomita 30 a mako, na mutum mai kilo 88, ka sauke su rana ɗaya a kan ma'aikatan da suka shekara da shekaru suna hutawa a cikin soso. Taurin sharaɓar da ka ji a makon farko gargaɗi ne na farko. Tsoka takan yi ƙarfi cikin makonni, agara ta fi ta jinkiri, ƙashi kuwa watanni yake ɗauka. Har ma akwai wani lokaci a tsakiyar gyaran da ƙashi yake ɗan raunana kafin ya ƙara ƙarfi, domin jiki yakan fara rushe tsohon ne kafin ya gina sabo. Mako na biyar da ka ji ƙafar ta ɗauka, ba abin mamaki ba ne ko kaɗan.

An taɓa gwada kusan abin da ka yi. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young da ke Amurka suka ɗauki masu gudu 36, suka bar wasu da takalmansu na da, 19 kuma suka koma maras soso cikin mako goma. Da aka ɗauki hoton MRI na ƙafafunsu a ƙarshe, 10 daga cikin 19 ɗin nan an ga alamar kumburi ta ƙaru a ɓargon ƙashinsu, wato ƙashin yana shan wahala fiye da ƙima. Ka lura, su a hankali aka ce su canza, ana ƙara musu nisa mako-mako, amma duk da haka fiye da rabinsu abin ya taɓa su. Kai ko wannan lallaɓawar ba ka yi ba. Wani binciken da aka yi a Ostareliya, wanda ya fito a 2017, ya nuna cewa haɗarin rauni da irin wannan takalmin yana ƙaruwa ga masu gudun da nauyinsu ya haura kilo 70 da 'yan kai. Ban faɗi wannan don in ce ka yi ƙiba ba. Lissafi ne kawai, ƙashin yatsa na biyu na mai kilo 88 bai ninka na mai kilo 60 kauri ba, amma kayan da yake ɗauka sun kusa ninki ɗaya da rabi.

Na tabbata abokinka ya kawo maka labarin Abebe Bikila, domin duk mai son wannan takalmi da shi yake buɗe baki. Gaskiya ne, ɗan Habashan nan ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, cikin awa 2 da minti 15. Abin da ba a cika ƙarasawa ba shi ne, bayan shekara huɗu ya sake cin wannan tseren a Tokiyo sanye da takalmi, kuma ya fi sauri da kusan minti uku. Ƙafar da ta yi wancan aikin a Rum ta shekara tana taka ƙasa tun yarinta, ba a mako biyar aka gina ta ba. Haka kuma binciken da ya tayar da wannan yayi, wanda Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka fitar a 2010, abin da ya nuna shi ne waɗanda suka saba gudu ba takalmi sukan dira da gaban ƙafa, kuma bugun farko da ke ratsa ƙafarsu ya fi sauƙi. Bai ce sun fi kowa tsira daga rauni ba. Bayan shekara uku wasu suka je wajen al'ummar Daasanach a arewacin Kenya, su ma ba takalmi suke gudu ba, aka tarar yawancinsu da dunduniya suke dira idan suna sassarfa. Ashe ko a cikin marasa takalmin ba taku ɗaya ba ne. Kamfanin Vibram, mai takalmin nan da kowane yatsa yake da gidansa, ya yi tallar cewa kayansa suna ƙarfafa ƙafa suna rage rauni, aka kai shi kotu a Amurka, a 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 a sasanta, ya kuma daina wannan iƙirarin sai da hujja, duk da bai amsa laifi ba.

Amma adalci ya sa in faɗi ɗaya ɓangaren, don kada uwargida ta karanta ta ce ai dama ta faɗa. Faɗin bakin nan alheri ne. Yatsu suna samun wurin bajewa, babban yatsa yana tsayawa a miƙe ya yi aikinsa na tura jiki gaba, maimakon a lanƙwasa shi ciki shekara da shekaru. Maganar ƙarfafa ƙafa ma ta samu goyon baya daga baya. A wani bincike na Jami'ar Liverpool da ya fito a 2021, mutanen da suka riƙa sa takalmi maras soso a harkokinsu na yau da kullum har wata shida, ƙarfin tsokokin yatsunsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Abin lura a nan, tafiya suka yi da shi. Babu wanda ya ce su yi gudun kilomita 30. Ni a ganina nan ne amfanin wannan takalmin ya fi tabbata, kuma nan ne ya kamata ka fara idan ƙafar ta warke.

Ga yadda zan so ka bi da shi. Yayin da kake jiran likita da kuma lokacin jinya, ka fito da tsohon kambas ɗin daga ƙarƙashin gado ka riƙa tafiya da shi, domin taurin tafinsa zai hana gaban ƙafar lanƙwasawa da yawa. Don kada numfashin da ka tara shekara uku ya zube, ka tambayi likita ko za ka iya iyo ko tuƙa keke, su ba sa dukan ƙashi. Idan aka sallame ka, gudun farko da tsohon takalmin za ka yi shi, ko sabo irinsa idan wancan ya mutu, kana haɗa tafiya da sassarfa, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, kana tsallake rana. Shi kuma maras soson ya zama na zirga-zirgar gida da gajeriyar tafiya, rabin awa a rana, kana ƙarawa kaɗan-kaɗan har wata biyu. Sai ƙafar ta karɓi wannan ba ƙorafi, sannan ka fara gudu da shi, minti biyar kacal a ƙarshen gudunka, a kan ciyawa ko ƙasa mai laushi, sau biyu a mako. Duk mako ka ƙara minti biyu ko uku. Ranar da ka wayi gari agara tana ciwo a takun farko, ko ka ji wani wuri ɗaya a kan ƙashi yana magana, ka koma baya mako guda. Wata shida zuwa shekara ake maganar, kuma ba dole ne ka ƙare da yin duk gudunka da shi ba. Masu gudu da yawa suna ajiye iri biyu suna musanyawa, kuma hakan hikima ce, domin wuri ɗaya ba ya shan duka kullum.

A cikin wannan lokacin ka ba ƙafar aiki a gida. Ka tsaya a bakin matakala ka yi ɗage, ka sauko da dunduniya a hankali, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya. Ka tsaya da ƙafa ɗaya yayin da kake goge baki. Ka koyi ɗaga babban yatsa shi kaɗai sauran suna ƙasa, sannan ka juya, za ka yi dariyar kanka a ranar farko don yatsun ba za su ji maganarka ba. Minti goma, sau uku a mako, ya isa. Amma duk wannan sai bayan likita ya ce ƙashin ya haɗe.

Kada kuma mu manta da asalin abin da ya kai ka ga wannan takalmi, wato gwiwa. Ciwon da yake tashi idan za a sauko daga bene ko an daɗe a zaune ya yi kama da wanda ke kama bayan ƙoƙon gwiwa, kuma yana cikin waɗanda suka fi damun masu gudu. Sau da yawa tushensa yana sama, a raunin tsokokin ƙugu da cinya, ko a yawan miƙa ƙafa gaba. Likitan gashin ƙashi zai iya duba wannan ya ba ka motsa jikin da ya dace. Sannan ga wani sirri: wani kaso na sauƙin da gwiwarka ta samu daga sabon takalmin, gajeren taku ne ya kawo shi, kuma gajeren taku ba sai da takalmi maras soso ake yin sa ba. Ka ƙirga takunka a minti ɗaya kana gudu yadda ka saba, ka ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba tare da ka ƙara sauri ba. Idan 160 kake yi, ka nemi 168 zuwa 176. Ƙafa za ta riƙa sauka kusa da ƙarƙashin jikinka, nauyin gwiwa ya ragu, soson kuma yana nan yana kare ƙashin. Akwai kuma takalma na tsaka-tsaki, masu faɗin baki da soso daidai gwargwado, tudun dunduniyarsu milimita 4 zuwa 6. Ga mutum mai jikinka da ke gudu a kan kwalta, ina ganin irin waɗannan sun fi dacewa da dogon zango.

Tseren nan na mako shida, ka cire shi daga ranka. Idan tsagewa ce, maganar ta ƙare. Idan ma likita ya ce ƙashin lafiya yake, jijiya ce ta kumbura, za ka rasa mako biyu ko uku na shiri, kuma kilomita 21 da ƙafar da ba ta gama warkewa ba neman gira ne da zai ci ido. Idan likitan da kansa ya ce ka iya, to da tsohon takalmin, kana haɗawa da tafiya, ba ka neman lokaci. Na san akwai ciwon rai a nan, ka biya kuɗi, ka sa rai, wataƙila ka gaya wa mutane. Wasu masu shirya tsere sukan yarda a ɗage rajista zuwa na gaba, ka tambaya. In ba su yarda ba, ka je ranar ka tsaya a bakin hanya da gorar ruwa ka jira abokinka.

Shi abokin naka, kada ka riƙe shi a zuciya. Abu ya yi masa amfani, ya so ka samu, wannan halin masoyi ne. Kuskurensa shi ne ya auna ƙafarka da tasa. Ka zauna da shi ka tambaye shi nauyinsa nawa, shekara nawa ya yi yana gudu kafin ya canza, wata nawa ya ɗauka, kuma ciwon da ya ce ya sha, a sharaɓa ne ko a kan ƙashi. Ina kyautata zaton za ka tarar taurin tsoka ne ya sha, wanda daurewa da hutu suke maganinsa, shi ya sa yake ce maka ka daure da zuciya ɗaya. Ka ce masa, "Wane, nawa a ƙashi ne, zan je a duba, wannan tseren kai za ka wakilce mu." Ba ka bukatar ka ci shi da gardama a kan takalmi. Kunyar da kake jin tsoro, kai kaɗai kake ganinta. Idan kuwa ya ci gaba da zuga ka bayan ka gaya masa haka, ka ci gaba da abota, ka daina karɓar shawarar lafiya a wurinsa.

Uwargida kuma, ɗan'uwa, ina ganin kai ne da bashi. Maganar silifa ta yi maka zafi, na gane, babu mai son a mayar da shi wawa a kan abin da ya kashe wa kuɗi da zumuɗi. Ina ma jin wannan maganar tana cikin abin da ya sa ka nace, don kada ta ce ta faɗa. Amma ka dubi abin daga inda take tsaye. Tana ganin mijinta yana ɗingishi a tsakar ɗaki, gari na wayewa ya ɗaura takalmi ya fita, ya dawo ya ce lafiya lau. Faɗan da take yi tsoro ne ya sa rigar faɗa. Ka same ta a lokacin da hankali yake kwance ka gaya mata gaskiya duka, har da maganin da kake sha a ɓoye, tun kafin ta tsinci kwalinsa a aljihunka. Ka ce mata ta yi gaskiya a kan ƙafar, za ka je asibiti ranar kaza, kuma takalmin ba asara ba ne, akwai yadda ake amfani da shi. Wataƙila ta ɗan yi maka gori, ka shanye, na kwana ɗaya ne. In da hali ku je wurin likitan tare, don ta ji da kunnenta, kuma a watannin da za ka yi kana lallaɓa ƙafar, ita ce za ta fara lura idan takunka ya canza, tun kafin kai ka yarda.

Saura Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Kada ka saya masa wannan takalmin. Ciwon suga idan ya daɗe yakan kashe jijiyoyin ji na ƙafa, ya kuma rage gudun jini zuwa can. Mutum sai ya taka ƙusa ko tsakuwa mai kaifi bai ji ba, ɗan ƙaramin rauni ya ƙi warkewa ya zama gyambo, daga nan ne ake kaiwa ga yanke yatsa ko ƙafa. Tafin da kai kake jin daɗinsa don yana bari ka ji ƙasa, shi ne haɗari gare shi, kuma masu wannan ciwo ko a cikin ɗaki ba a so su yi tafiya ba takalmi. Amma kukan da yake yi na matsewar yatsu gaskiya ne, kuma shi ma haɗari ne, don gogar takalmi tana buɗe rauni. Abin da yake bukata shi ne takalmi mai faɗin baki da zurfi, mai laushin ciki ba ɗinkin da zai goge shi, mai kaurin tafi, wanda ake ɗaurewa da igiya ko maɗauri don a iya sassautawa. Ku je sayen da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, a auna ƙafafun biyu yana tsaye, a bar sararin kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsan da ya fi tsawo. Ya riƙa zura hannu cikin takalmin kafin ya sa, ya kuma duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, ko wani ya duba masa. Tunda dai za ka asibiti saboda taka ƙafar, ka ɗauke shi ku tafi tare a gwada jin tasa.

Ka rubuto mini bayan ka ga likita, ina so in ji abin da hoton ya nuna, da kuma yadda kuka ƙare da uwargida. Allah ya ba ka lafiya.